Madubin da Ya Rage wa Juwairiyya

Duk wanda ya san yayata Juwairiyya kafin bara, labarin bakinta zai fara ba ka. Mu biyar ne a ɗakin mahaifiyarmu a Badarawa, ita ce babba, ni Samira ce auta, kuma tun ina ƙarama ban taɓa rama faɗa da kaina ba. In yaro ya doke ni a hanyar Islamiyya, in zo gida kawai in ce "Yaya Juwai," shi ke nan ta ci ɗamara da ɗankwali ta fita nemansa. Da ta girma ta zama malamar firamare a Malali, abin bai ragu ba, sai ma ya samu lasisi. Na taɓa ganin ta tsayar da mai Napep a tsakiyar Kawo saboda ya zagi wata tsohuwa, ta wanke shi tas, har sauran fasinjoji suka koma ba ta haƙuri a madadinsa. Ba ta da mugunta ko kaɗan, haɗiye magana ce kawai ba ta iya ba.

Allah da ikonsa sai ya haɗa ta da Yahya, mutumin da ko kaza ba zai iya kora da ƙarfi ba. Dogo ne siriri, mai zanen gine-gine a wata ma'aikatar jiha. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya, kuma rabin maganar tasa "ba komai" ce. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa Alhaji Ahmadu, mai sayar da hatsi a Rigachikun, shi ya riƙe shi har ya gama makaranta. Saboda haka a gaban Alhaji Ahmadu, Yahya ba shi da baki. Akwai lokacin da Alhajin ya ari motarsu don zuwa biki, mota ta zauna a Rigachikun har Yahya ya saba da hawa acaɓa zuwa ofis, kuma bai iya cewa uffan ba. Juwairiyya ce ta sa hijabi ta je, ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta zo karɓar makulli. Ta dawo Unguwar Dosa tana tuƙa motar da kanta. A gidan nan Yahya ne mai cewa to, ita ce mai cewa a'a, kuma da haka suka zauna lafiya.

'Yarsu ɗaya ce. Sunan mahaifiyarsu Yahya aka sa mata, Aishatu, ana kiranta Ilham. Shi uban bai taɓa kiranta da ko ɗaya ba, "Mamana" yake ce mata, a hankali, kamar mai neman alfarma. Uwar kuwa daga kicin take ƙwala mata kira, maƙwabta ma su ji.

Wani kwas aka tura Yahya Abuja, ya dawo da wani tabarau. Tabarau muke ce masa don ba mu da wani sunan, amma ɗan farin akwati ne da ake ɗaurawa a fuska, ya rufe idanu ruf. In ka sa shi, ɗakin da kake ciki sai ya ɓace, ka tsinci kanka a duk inda aka gina a cikin na'urar. A wurin aiki da shi suke zagayawa da manya cikin gini tun ba a aza bulo ko ɗaya ba. Yahya kuwa sai ya gina gidansu a ciki, gidan da yake burin yi a filinsa wanda ko harsashi ba a haƙa ba. Kuma a cikin gidan ya sa kansa. Ya ɗauki fuskarsa ta kowane gefe da waya, na'urar ta haɗa mutum sak shi: shuɗiyar shaddarsa ta Juma'a, hular zanna, zoben azurfa, har ɗan tabon da ke gefen girarsa. Duk wanda ya ɗaura tabaran, a wannan jikin zai samu kansa. A falon ya kafa wani ƙaton madubi daga ƙasa har rufi, wai na Juwairiyya ne, tun da ba ta iya wuce madubi ba ta tsaya ba, ko gilashin motar mutane ne.

Ya yi ta lallashinta ta shiga ta gani, har ya ce zai haɗa mata nata jikin. Ta ce, "Ni zan ɗaura wannan abin in zauna kamar mai walda? Abban Ilham, in ka gina na bulo ka kira ni."

Cikin daminar bara ya yanke jiki ya faɗi a ofis, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Hawan jini ne, ya daɗe da shi bai gaya wa kowa ba. Har ciwon ma "ba komai" ya riƙa ce masa.

Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifinsu Yahya, ita ta zo daga Rigachikun da ƙullin kayanta don taya Juwairiyya zaman takaba. Tsohuwa ce mai tsafta da ibada, ba zan zalunce ta ba. Amma ta zo da dokoki. Mai takaba ba ta kwalliya, ba ta turare, ba ta fita sai da larura. Wannan kowa ya sani, addini ne. Sauran kuwa a ƙullin Gwaggo suka zo. Ba ta ɗaga murya, ba ta sauri, ba ta dariya har haƙori ya bayyana, sannan ba ta kallon madubi. Tun kafin a watse daga zaman makoki ta bi gidan da tsofaffin zannuwa ta lulluɓe madubin durowa da na banɗaki, ta cire ɗan ƙaramin da ke cikin gwangwanin hoda. Har kyamarar gaban waya sai da ta sa aka manna wa filasta, don wata jikarta ta gaya mata nan ma ana ganin fuska.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Gwaggo, malaminmu fa ya ce wannan na madubin ba shi da asali."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malamin naku ya taɓa yin takaba?"

"Gwaggo, ai namiji ne."

"To ni na yi sau biyu. Ki bar ni da abin da na sani, 'yar nan."

Na juya ina jiran Juwairiyya ta kashe maganar da jimla ɗaya yadda ta saba. Tana zaune a kan tabarma cikin wani koɗaɗɗen hijabi, idonta a ƙasa. Ta ce, "Ƙyale ta, Samira." Na ƙyale, don ranar ba ranar gardama ba ce.

Bayan an yi arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Ilham ta koma makaranta, Gwaggo kuma da ta yi azahar sai barci. Ni ina aiki a wani kantin magani a Kawo, in na tashi da rana nakan biya. Wata rana na shiga na yi sallama ba a amsa ba. A ɗakin Yahya na same ta, inda ta shiga don haɗa tufafinsa da za a rabar. Tana tsaye a tsakiyar ɗakin, farin akwatin nan a fuskarta. Ta ɗaga hannun dama a hankali, ta sauke. Ta karkata kai, ta sake ɗagawa. Kuma murmushi take yi, wanda rabona da ganinsa tun ranar rasuwar.

Da na taɓa kafaɗarta ta zabura ta cire, fuskarta duk shatin roba. Ta miƙa mini. "Sa ki gani."

Na sa. Wallahi har yanzu in na tuna tsikar jikina tashi take. Na ga falo mai faɗi, fari tas, da labule ruwan ƙasa. Na duba ƙasa, sai na ga ƙasan ta yi mini nisa, na yi tsawo. Na ɗaga hannuna, sai ga hannun namiji da zoben azurfa. Na ɗago kai, ga madubi, ga Yahya yana kallona. Na ja da baya, ya ja da baya. Na kai hannu bakina, ya kai. Na fizge abin ina salati. Amma abin da ya fi ba ni tsoro, da na cire sai na ji hannuwana sun yi mini ƙanana, kamar ba nawa ba, na ɗan lokaci kafin abin ya sake ni. Ni da na sa shi na ɗan ƙiftawar ido ke nan.

Na ce, "Yaya Juwai, wannan ba zai taimake ki ba. Kallonsa kullum ciwon zai ƙara miki."

Ta girgiza kai. "Ba kallonsa nake ba. Da farko dai kallonsa na yi, na yi kuka. Yanzu in na shiga, ciwon ne yake tafiya gaba ɗaya. Samira, a nan waje ni matar da mijinta ya mutu ce, tun daga asuba har in kwanta. A can kuwa ba wanda ya mutu. Ai shi ba ya kewar kansa."

Mace ce da aka hana ta fita, aka hana ta muryarta, aka hana ta kwalliyarta, aka rufe mata fuskarta da zani. Wuri ɗaya ya rage mata da za ta ɗaga hannu ta ga wani ya ɗaga, kuma fuskar da ke wurin ba tata ba ce. Da farko sai Gwaggo ta yi barci take sawa. Daga baya ta daina jira. In batir ya mutu ta jona shi a sola ta zauna kusa da shi tana jiran ya cika.

Tafiyarta ce ta fara canzawa. Juwairiyya irin matan nan ce da tun daga bakin get kake jin silifas ɗinsu yana faf-faf, kafaɗa gaba, kamar an kira ta kashe gobara. Sai ga ta tana taka ƙasa a hankali, hannuwa a goye a baya, tana ɗan sunkuyar da kai a bakin ƙofa, ita da ko ta yi tsalle ba za ta taɓa saman ƙofar ba. Gwaggo ta ji daɗi, ta ce yarinya ta fara natsuwa. Sai gyaran murya ya biyo baya. Sai "ba komai." Mai kawo ruwa ya fasa mata bokiti, ta ce ba komai. Na tsaya ina kallonta baki buɗe.

Wata Asabar ina gidan, Ilham tana wasa a tsakar gida da murafun kwalba. Shekarunta bakwai. Juwairiyya ta fito daga ɗakin, ta tsaya a baranda, ta yi gyaran murya, ta ce a hankali, "Mamana, zo nan."

Yarinyar ta daskare. Ba ta juya wajen uwarta ba. Da gudu ta nufi get ta buɗe, ta leƙa titi dama da hagu. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo ba ta yi kuka ba, ta zo ta zauna a jikina ta riƙe gefen zanina tana kallon uwarta. Ni ce na yi kukan, na shige banɗaki don kada ta gani.

Daga nan abubuwa suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kitson Ilham ya tsufa har malamarsu ta aiko, Juwairiyya da take yi mata kitso duk Juma'a tana yi tana faɗa. In Gwaggo ba ta dafa ba, shayi da indomi ne abincin gidan, su kaɗai Yahya ya iya. Ba wai ta daina son 'yarta ba ne. Tana zama da ita, ta shafa kanta, ta duba mata aikin gida da haƙuri irin na uban. Amma yarinya ta rasa wadda za ta daka mata tsawa ta yi wanka, ta rasa wadda za ta matse ta tsakanin gwiwoyi ta taje mata kai. Ilham ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana yaye.

Sai a lokacin Gwaggo ta farga, kuma da ta farga sai ta ce iska ce. Ta turara gidan da habbatus sauda har muka riƙa tari, ta sa aka kawo rubutu. Kuma ta riƙa buga waya Rigachikun tana ba Alhaji Ahmadu labari dalla-dalla. Na ce mata ba wani aljani, a buɗe madubai kawai, mace ta ga fuskarta. Ta ce ba a gabanta ba, saura ƙiris a gama, ba za a ɓata takabar ɗan ɗan'uwanta ba.

Na gaji na ɗauke tabaran na tafi da shi gidana. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Da Juwairiyyar da na sani ce, da ta biyo ni har Kawo ta ƙwace shi ta haɗa mini da mari. Ba ta biyo ni ba. Ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ta daina cin abinci, kuma kukan da ta yi ranar rasuwar ya dawo sabo fil, har muryarta ta dishe. Gwaggon da ke kiran abin kayan shaiɗan, ita da kanta ta kira ni a waya. "Samira, ki dawo mata da shi, kada ta mutu a hannuna." Na dawo da shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi gyaran murya ta ce, "An gode."

Ranar fitar takaba muka cika gidan. An yi mata lalle, ta yi wanka, ta sa sabuwar atamfar da na ɗinka mata, ja da ruwan ɗorawa, irin wadda take so. Gwaggo da hannunta ta yaye zanin madubin durowa tana guɗa ƙasa-ƙasa. Na tsaya a bayanta. Juwairiyya ta kalli matar da ke cikin madubin, gajera, ta rame, da jan baki. Ta ɗaga hannu, matar ta ɗaga. Ba ta gyara ɗaurin ɗankwali ba, ba ta juya ta duba baya ba. Ta kawar da kai da sauri, irin na wanda ya buɗe ƙofa ya tarar da matar wani tana shiri.

Da la'asar Alhaji Ahmadu ya iso da mutum biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin bishiyar mangwaron tsakar gida, tare da Kawu Tijjani, ƙanen mahaifiyarmu, wanda shi ne uba gare mu tun da namu ya rasu. Aka ce Juwairiyya ta fito ta gaishe su. Abin da aka sani shi ne ta tsaya daga nesa ta durƙusa. Sai ta taho a hankali, hannuwa a baya, har gaban tabarmar. Ta cire takalmi, ta miƙa wa Alhaji Ahmadu hannu biyu, hagu tana tallafe da dama.

"Yaya, barka da isowa. Ya hanya?"

Ba wanda ya motsa. Hannunta da jan lalle yana nan a miƙe. Da ta ga bai karɓa ba, sai ta zauna a gefen tabarmar maza, ta tanƙwashe ƙafa, ta sunkuyar da kai, daidai inda Yahya yake zama, daidai yadda yake zama. Matan da ke baranda suka fara salati.

Na daɗe ina jin haushin Alhaji Ahmadu, amma ranar na ga idonsa ya kawo ruwa. Shi ya goyi Yahya a kafaɗa zuwa makaranta. Ya ɗauki lokaci yana murza carbi kafin ya dubi Kawu.

"Malam Tijjani, ka gani da idonka. Ni ban zo da niyyar raba uwa da 'ya ba, Allah ne shaidata. Amma yarinyar nan sunan mahaifiyarmu gare ta, ita kaɗai Yahya ya bari. Gwaggo ta ce ko abinci sai a hankali. A ba ni ita ta zauna cikin 'yan'uwanta, in uwar ta samu lafiya sai a sake magana."

Kawu ya ce, "Alhaji, riƙon ɗa haƙƙin uwa ne, ka sani na sani. Ba ni da ikon bayarwa, kai ma ba ka da ikon ɗauka. Ga ta nan. Abin da ta ce shi za a yi."

Sai na ji sanyi a raina. Kalma ɗaya ce ake nema, kuma a duk Kaduna ba wadda ta kai yayata iya faɗinta. Ilham tana maƙale a jikina, na matse hannunta na ce a zuciyata, yanzu za ki ji Mamanki.

Juwairiyya ta yi gyaran murya. Ba ta ɗago kai ba.

"Ba komai, Yaya. Duk yadda ka gani."

Ban san lokacin da na sauko daga baranda ba. "Yaya Juwai! Ilham fa ake magana! 'Yarki! Ke ce fa, ba shi ba ne, ke ce uwarta! Ki buɗe baki ki ce a'a!"

Kawu ya daka mini tsawa, ya ce in shiga ciki, ba a haka a gaban manya. Ya sake tambayarta, a hankali, ya kira sunanta cikakke. Ta ɗago ta dubi Alhaji Ahmadu, ta buɗe baki, na rantse na ga wani abu yana ƙoƙarin fitowa. Sai ta sake sunkuyar da kai ta ce, "Yaya ai ba zai cuce ta ba."

Kafin magariba aka haɗa kayan Ilham. Gwaggo ta riƙe hannunta suka shiga mota. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ta dai yi ta waiwaye.

Washegari na kai Juwairiyya wajen wata likitar ƙwaƙwalwa, ban nemi shawarar kowa ba. Likitar ta saurare mu, ba ta yi mamaki sosai ba. Ta ce jikin da mutum yake gani yana motsi in ya motsa, ƙwaƙwalwa takan fara ɗaukarsa nata, har mutum ya ɗauki halin da ya san mai jikin da shi. Ga baƙin ciki, ga kaɗaici, abin ya samu wuri. Ta ce kada a ƙwace tabaran da ƙarfi, a riƙa ragewa, ta koma aiki, ta shiga mutane. Ta ba da magani.

An samu sauƙi, ba zan ce ba a samu ba. Ta koma makaranta. Tabaran yana gidana yanzu, ita da kanta ta kawo shi a leda ta ce in ajiye inda ba ta sani ba. Akwai ranar da na ji ta tana yi wa mai nama faɗa a kan ƙashi, na tsaya a bakin get ina dariya ina hawaye. Amma ba kullum ba ne. Wata rana sai ta tashi da gyaran murya, ta wuni a haka. Har yau ba ta iya duban Alhaji Ahmadu ta ce ya ba ta 'yarta ba. A mota takan shirya maganar tsaf, ta maimaita mini, da mun shiga zaurensa sai ta narke. Shi kuma ya ce yana jiran ranar da za ta tambaya da bakinta, ranar zai san ta warke. Na rasa wanda zan fi jin haushi.

Duk Asabar muke zuwa Rigachikun. Ilham ta yi ƙiba, an yi mata kitso mai kyau, matar Alhaji tana kula da ita. Amma ba ta rugowa in ta ga motarmu. Takan tsaya a bakin zaure, rabin jikinta a bayan ƙyaure, ta zuba wa uwarta ido tun daga inda muka ajiye mota. In ta gamsu, sai ta taho da gudu tana "Mama!" In ba ta gamsu ba, sai ta jira mu iso, ta durƙusa ta gaishe ta kamar baƙuwa, ta koma cikin gida wajen yara. Ba wanda ya koya mata. Juwairiyya ta gane abin da yarinyar take dubawa, kuma tun da ta gane abin ya ƙara yi mata wuya.

Asabar ɗin da ta wuce muka tsaya a gindin ɗorawar ƙofar gidan. Ilham tana bakin zaure. Juwairiyya ta fito daga mota, ta rufe ƙofa, ta kasa ɗaga ƙafa. Hannuwanta suka tafi baya, ta fizgo su gaba ta riƙe jaka da su gam. Ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Samira, don Allah, da yaya nake tafiya?"

Na ajiye ledar da ke hannuna. A gaban masu awon masara da 'yan acaɓa, na tura kafaɗa gaba na taka mata, silifas yana faf-faf, na je na dawo. Ta kalli ƙafafuna sosai. Sannan ta ja numfashi ta nufi zauren, tana sauri, tana buga takalmi da ƙarfi, ya fi yadda take yi a da ƙarfi, tana murmushi da dukan fuskarta.

Ilham ta kalle ta har ta iso. Sannan ta saki ƙyauren, ta durƙusa ta ce, "Ina wuni."